Kabari na Shida ko na Bakwai

Kafin in shiga labarin, ya kamata in faɗi abin da na dogara da shi. Ina da ɗan littafin da nake rubuta aikin kowace rana a cikinsa tun ina jami'a, kuma daga nan na ɗauko jerin abubuwan da suka faru. Ina da fayil ɗin da ya lalace, wanda har yau ban canja ko ɗigo ɗaya a cikinsa ba. Sauran daga bakin mutane ne: Malam mai riƙe da rajistar makabarta, da sakataren ƙungiyar unguwarmu, da mahaifiyata. Aikin kwafin rajistar na yi shi a watan Rajab na shekarar da na gama karatun kwamfuta, baƙon da zan ba da labarinsa kuma ya iso kwana tara bayan ƙaramar salla. Waɗannan biyun na tabbata da su, domin a rubuce suke. Ranar da aka ƙone littafin rajistar ce ban tabbata ba. Malam ya ce Alhamis ce, sakatare ya ce Juma'a da hantsi, ni kuwa ba na unguwar a lokacin. Maganganun da na sa a bakin mutane na rubuta su yadda na tuna, inda nake shakka kuma zan faɗa.

A ɓangaren makabarta da ƙungiyarmu ta Zongon Lome ke kula da shi, ba a rubuta suna a kan kabari. Dattawan da suka fara aikin sun ɗauki hakan a matsayin ado, ba sa kuma son a bambanta mai hali da marar hali bayan an rufe su. Abin da ake yi shi ne a kafa ɗan ƙarfe a wajen kai, mai ɗauke da lambar layi da lambar kabari. Suna yana cikin littafi, littafin kuma yana hannun Malam. Duk wanda ya zo ziyara daga nesa, zauren Malam yake fara zuwa, a duba masa, a rubuta masa lamba a 'yar takarda, sannan ya hau zemijan, babur ɗin haya, ya tafi.

Littafin babban kaye ne, wato littafin rubutu, mai baƙin bango, ya fi tafin hannu biyu faɗi. Malam ya rubuta yawancinsa da ajami, da tawadar da yake haɗawa da kansa. A shekarun baya-bayan nan hannunsa ya fara rawa, sai sakatare ya karɓi rubutun, yana yi da boko bisa ƙa'idar Faransanci kamar yadda aka koya masa a makaranta. Laimar teku ba ta barin takarda ta tsufa lafiya a garin nan. Gefen shafukan ya yi laushi, wasu sun manne, kuma a daminar da ta gabata ruwa ya shiga zauren har idon sawu, da ƙyar aka ɗaga littafin saman kabad. Wannan ne ya sa sakatare ya kawo shawarar a zuba shi a shafin intanet na ƙungiya, cikin jadawali, yadda 'yan Zongo da ke Accra ko Kwatano ko Turai za su iya dubawa. Da aka nemi wanda zai yi, ba a daɗe ana nema ba. Ni ne na gama karatun, kuma ina zaune a gida.

Malam bai yarda a ɗauki hoton shafukan ba. Na roƙe shi sau biyu.

"Ɗana," in ji shi, "a gefen kowane suna akwai abin da na rubuta don kaina. Wanda ya yi wanka, abin da aka gani a jikin mamaci, wanda ya ƙi zuwa jana'izar ɗan'uwansa. Wannan ba na waya ba ne. Ni zan karanta maka abin da ya halatta, kai kuma ka buga."

Haka muka yi, kullum bayan la'asar, har kwana ashirin da uku. Yana zaune a kan buzu da tabarau, littafin a cinyarsa, ni ina kan benci da kwamfutata. Ni na nace a buga sunayen ajami da ajaminsu. Na ga yadda suna ɗaya ke fitowa da fuska uku a takardun makaranta da na asibiti idan an juya shi zuwa boko, ban so in zama mai ƙara ta huɗu ba. Na saka wa kwamfutar haruffan Larabci, na manna 'yan takardu a kan madannai. Lambobi kaɗai, wato kwanan wata da layi da kabari, na buga da na boko, don jadawalin ya iya jera su. Duk layin da na buga sai na karanta masa harafi harafi, ya ce "haka ne", kafin mu wuce. Wani lokaci yakan tsaya a kan wani suna ya yi 'yar dariya ya ce wannan ya taɓa cin kwano uku na waken-shinkafa a walimar aure ya ce bai ƙoshi ba. A littafina na rubuta cewa na gyara kurakurai goma sha ɗaya a wannan karatun na biyu, har na ja layi a ƙarƙashin lambar don jin daɗi.

Wajibi ne in bayyana abin da ya biyo baya a sauƙaƙe, domin a nan kuskuren yake. Don a ɗora jadawali a shafin, sai an mayar da shi fayil na zallan rubutu, inda waƙafi ke raba gidajen jadawalin ɗaya da ɗaya. Da na gwada ɗorawa, abin ya ƙi. Sakatare yana sa waƙafi a tsakiyar bayaninsa, sai na'urar ta ɗauka sabon gida ne, lambar kabari ta koma gidan kwanan wata. Akwai kuma ɗan waƙafin sama da ke cikin wasu sunayenmu, wanda na'urar ke ɗauka alamar ƙarshen magana ce, ta yanke sunan rabi. Maganinsa sananne ne: a sa wa kowace irin wannan alama wata kariya a gabanta, don na'urar ta gane harafi ce kawai ba umarni ba. Kwana biyu na yi ina bin su ɗaya ɗaya. Da na gama, sai na ji na ci ƙarfin duk wata alama mai rigima da ke cikin aikin.

Amma akwai abu na biyu. Kwamfuta ba ta san harafi ba, lamba ta sani, kuma kowane harafi yana da lambarsa a cikin wani tsari. Tsohon tsarin yana da gurbin haruffan Turawan yamma kaɗai. Sabon, wanda ake kira UTF-8, yana ɗaukar na kowa, har da namu. Na karanta wannan a shekarata ta biyu a jami'a, na kuma ci jarrabawarsa da kyau. Ranar da zan adana fayil ɗin, manhajar ta jero mini zaɓi, na danna na farkon da idona ya faɗa a kai. Wani ɗan akwati ya fito yana gargaɗin cewa wasu abubuwa za su iya ɓacewa. Na karanta shi, wannan na tabbata. Na ɗauka launin gidaje da faɗin layuka yake nufi.

Na ɗora, ya hau lafiya. Na ƙirga layuka, suka yi daidai da na littafin Malam. Jadawalin yana nuna sababbin rasuwa a sama, saboda haka shafukan farko duk rubutun sakatare ne na boko. Na bi shafi huɗu, kowane waƙafi yana inda ya kamata, haruffan Faransanci masu 'yar hula suna zaune daram. Ban wuce shafi na huɗu ba. Na sha tambayar kaina dalili. A littafina na rubuta cewa layin intanet yana ja a ranar, amma ba zan rantse cewa shi ne ya hana ni ba. Mai yiwuwa na ga abin da na sha wuya a kansa ya yi kyau, sai na tsaya a nan.

Sannan na yi abin da nake ganin shi ne cikar tsari. Wani malaminmu ya koya mana cewa idan bayani yana da kwafi biyu, wata rana za a gyara ɗaya a manta da ɗayan, a rasa wanne ne gaskiya. Saboda haka na goge jadawalin asali daga kwamfutata, na share kwandon shara, kwafin da ke kan 'yar na'urar ajiyata kuma na maye gurbinsa da sabon fayil ɗin. A raina na ce, ai ko me ya faru, littafin Malam yana nan.

Washegari na je na shaida wa Malam an gama. Sakatare yana wurin.

"Ka kwafe duka?" Malam ya tambaya.

"Duka, Allah gafarta Malam."

"Babu wanda ka bari a baya?"

"Babu ko harafi ɗaya."

Ya juya ga sakatare ya ce, "Ka ji shi?" Sakatare ya ce ya ji. Sai ya sake juyowa gare ni.

"Ka shaida?"

"Na shaida," na ce.

Na ɗauka irin maganar dattawa ce, ta nanata abu don girmama shi. Ya yi mini addu'a mai tsawo, ya shafa kaina, na fito ina jin kamar an ƙara mini tsawo. Mako guda bayan nan na samu gurbin koyon aiki a wani ofishi a unguwar Totsi, na shiga fita da sassafe in dawo da yamma. Kwamfutar nan da ita nake aikin, kullum ina zuba mata sababbin abubuwa.

Baƙon ya zo ranar Asabar. Mutum ne mai kimanin shekara arba'in, direban babbar mota daga Kumasi, Hausarsa tana da karin can. A Zongonmu aka haife shi. Mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyar, mahaifiyarsa ta koma da shi wurin danginta, bai sake takowa ba. Ita ma ta rasu kafin azumi. A ciwonta na ƙarshe ta sa shi ya yi mata alkawarin zai je ya tsaya a kan kabarin ubansa, ya gyara shi, ya yi masa addu'a, domin ita ba ta taɓa samun zuwa ba. Ta ba shi ranar rasuwar a rubuce a bayan wani tsohon hoto.

Bayan azahar aka kira ni ƙofar masallaci. Dattawa suna zaune a inuwa, Malam a tsakiya, baƙon a durƙushe gefe. Akwai wani tsohon mahauci, abokin marigayi kakana, wanda ba ya ganina bai tsokane ni ba.

"Ga Injiniya nan," ya ce. "Ɗan Kumasi, ka yi sa'a. Dā sai Malam ya yi rabin yini yana lasar yatsa yana juya takarda. Yanzu jikan nan nawa zai danna abu ɗaya ya fito maka da ubanka."

Aka yi dariya, har da baƙon. Na buɗe shafin a wayata, na buga kwanan watan. Layi biyu suka fito. Kwanan wata yana nan, lambar layi goma sha huɗu tana nan, kabari na shida da kabari na bakwai. A gidan suna kuwa, alamomin tambaya ne a jere.

Na ɗauka wayar ce. Na karɓi ta sakatare, haka. Na koma shafi na biyar, na shida, na goma, na yi tsalle zuwa na ƙarshe. Daga inda rubutun sakatare ya ƙare har zuwa mutumin farko da Malam ya karanta mini, babu suna ko ɗaya. Na tuna ina jin ƙarar babura a titi kamar daga cikin rijiya.

"Me ya fito?" mahaucin ya tambaya. Ya miƙo hannu ya karɓi wayar, ya nisanta ta da idonsa. "Wannan ƙugiyoyin fa? Irin na rataye nama ne?"

"Alamar tambaya ce, Baba," in ji sakatare a hankali.

"Tambaya? Mu muka zo tambayarta, ita kuma tana tambayarmu?"

Wasu suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba, domin sun ga fuskata. Na ce matsala ce ƙarama ta nuni, zan gyara. Har lokacin ina fatan hakan gaskiya ne. Na juya ga Malam na ce, "Allah gafarta Malam, kafin in gyara, a duba wa baƙo a littafin."

"Wane littafi?"

"Rajistar. Baƙin kayen nan."

Ya dube ni ta saman tabarau, cikin mamaki na gaske, ba na wasa ba.

"Ɗana, ai na sallame shi. Ba ka shaida ba?"

Ban gane ba, sai da sakatare ya fassara mini. An ƙone shi. Malam da kansa ya haƙa ɗan rami a bayan gidansa, ya yi alwala, ya ƙone shi shafi shafi, ya binne tokar. Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Sakatare ya ce na yi ta maimaita "a'a, a'a" da Faransanci. Ni ban tuna wannan ba.

Malam ya yi bayani ba tare da ɗaga murya ba. Kayen nan shi ne na uku. Na farko malaminsa ne ya rubuta, da ya tsufa aka kwafe shi a sabo, aka kira shaidu, mai kwafi ya ce ya shaida, aka ƙone tsohon. Na biyu ma haka, shi da kansa ya kwafe, shi ya shaida. Rabin sunayen da ke ciki suna ɗauke da sunan Allah, kowane shafi kuma da bisimilla ya fara. Takardar da ta ruɓe ba a barinta ta zama abincin ɓera, ko ruwan damina ya kwashe ta ya kai kwata. Ga kuma sirrin mutane da ke gefen shafukan, wanda ba ya so ya mutu ya bari a hannun wanda bai san darajarsa ba.

"Sau uku na tambaye ka," ya ce. Ba faɗa yake ba. Yana ƙirgawa ne, kamar mai son ya tabbata bai tsallake wani mataki ba.

Da na gaya wa mahaifiyata da yamma, ta ajiye ludayin da ke hannunta.

"Kai ba ka san ana ƙonewa ba? Gwangwanin nan da ke bayan ƙofa, me nake tarawa a ciki tun kana rarrafe?"

Na sani. Duk 'yar takardar da ta tsinta a ƙasa mai rubutun Larabci, ko da ta kalandar bara ce, a nan take sawa, idan ya cika ta ƙone. Ni kaina na sha tsinto mata. Na san wannan al'ada kamar yadda na san tsarin haruffa, kowanne a nasa ɗaki a cikin kaina, ban taɓa buɗe ƙofar da ke tsakaninsu ba.

Baƙon ya ce zai jira kwana uku, motarsa tana tashar kaya ana sauke ta. Ranar Lahadi na buɗe fayil ɗin ta hanyar da ke nuna ainihin lambobin da ke ƙarƙashin rubutu. Lalacewa iri biyu ce a wannan fanni. Akwai wadda haruffa ke fitowa a hargitse, amma lambobinsu na asali suna nan, sai a karanta su da tsarin da ya dace su dawo. Ita nake roƙon Allah ya sa na gani. Abin da na gani shi ne lamba ɗaya tak tana maimaita kanta, layi bayan layi. Manhajar, da ta rasa gurbin harafin ajami a tsohon tsarin, ta cire shi ta ajiye alamar tambaya a madadinsa. Babu abin da ke ɓoye a bayansu.

Ranar Litinin na nemi izini a wurin aiki, na hau zemijan zuwa Adidogomé, wurin wani mai gyara da aka ce yana dawo da abin da aka goge. Ya riƙe kwamfutar tun safe har la'asar. Ya dawo da hotunan bikin wata 'yar'uwata da wani aikin makaranta na shekarar farko. Na jadawalin kuwa ya samo sunan fayil ɗin kawai, cikinsa wata uku na aikin Totsi sun hau kai. Ya miƙo mini ita yana girgiza kai, ya ce da yaren Mina wani abu mai kama da ta'aziyya.

A hanyar dawowa wani tunani ya zo mini, har na sa mai babur ya tsaya na buɗe wayata a gefen titi. Manhajar ta sa alama ɗaya ne a madadin kowane harafi ɗaya, tazarar da ke tsakanin kalmomi kuma ba ta taɓa ta ba. Ke nan tsawon kowane suna yana nan. Na duba layukan biyu. Na kabari na shida: huɗu, tazara, biyar. Na kabari na bakwai: huɗu, tazara, bakwai. Sun bambanta.

Na sami baƙon a zauren Malam. Na roƙi Malam ya rubuta sunan mahaifin yadda zai rubuta shi a rajista. Ya rubuta sunan yanka a kan wata 'yar takarda. Huɗu. Wannan bai raba komai ba, rabin mazan Zongo suna amsa sunaye masu haruffa huɗu a ajami. Na tambayi baƙon sunan kakansa na wajen uba, Malam ya rubuta. Na ƙirga sau biyu. Biyar.

"Na shida ne," na ce. Muryata ta fi ƙarfin zauren. "Yaya, na shida ne."

Baƙon ya rufe fuska da hannu biyu yana hamdala. Malam kuwa bai ajiye alƙalamin ba.

"Dakata," ya ce. "Ɗan Kumasi, ubanka ba shi ne mai sayar da igiya da buhu a bakin tasha ba? Wanda ake kira da sunan garinsu?"

Baƙon ya ce haka mahaifiyarsa ta faɗa, ya kuma faɗi laƙabin. Malam ya ce ba kullum yake rubuta sunan uba ba. Idan mutum ya fi sanuwa da laƙabi, laƙabin yake sawa, don mai nema ya same shi. Ya rubuta laƙabin a ƙarƙashin na farko. Ban so in ƙirga ba, amma na ƙirga. Bakwai.

Na tambayi Malam ko ya tuna wanne ya sa. Ya rufe ido. Ya ce ranar ya tuna ta sarai: an yi ruwa tun asuba, makara biyu aka fito da su daga masallaci lokaci guda. Ɗayan baƙo ne daga arewa da ciwo ya kama a tasha, ba shi da kowa a garin, a jikin takardarsa aka ga sunansa. Amma wanda aka fara sawa a ƙasa, da abin da alƙalaminsa ya rubuta shekara talatin da biyar da suka wuce, ba zai yi wa Allah ƙarya ya ce ya tuna ba.

Sai baƙon ya juyo gare ni.

"Ƙanena, kai fa? Ba kai ka buga ba? Sun ce har karantawa kake yi ka maimaita."

Wannan ita ce tambayar da ta fi girgiza ni a duk kwanakin. Watanni uku kacal da suka wuce na ji sunan nan da kunnena, na buga shi da yatsuna, na karanta shi harafi harafi, Malam ya ce haka ne. Na matse kaina ina neman sa. Ina iya tuna zafin bencin, da ƙamshin turaren zauren, da labarin mai kwano uku. Sunan bai zo ba. Haruffa nake dubawa a lokacin, ba mutane ba. Na ga a idonsa cewa da zan ce "na shida", zai karɓa ya tafi da shi har ƙarshen ransa. Na ce masa ban tuna ba.

Mun zagaya wurin tsofaffi uku da ake zaton sun halarci jana'izar, har da mahaucin. Wannan karon bai kira ni Injiniya ba. Ya ce shi yana cikin masu ɗaukar makara, ya tuna taɓo har gwiwa, ya tuna takalminsa ɗaya ya maƙale. Da farko ya ce na kusa da bishiya ne, daga baya ya ce kada a riƙe shi da wannan, wataƙila wata jana'izar ce yake haɗawa da ita.

Ranar Talata da hantsi muka tafi makabarta, ni da baƙon da Malam, kowa a bayan babur. Layi na goma sha huɗu yana can ciki. Ƙarafan biyu sun yi tsatsa amma lambobin suna karantuwa. Tsakaninsu bai fi taku ɗaya ba, ƙasar duka biyun ta lotsa, ciyawa ta rufe su. Baƙon ya zo da fartanya da ya aro. Ya tsaya yana kallon wannan, yana kallon wancan.

"Gyara duka biyun," in ji Malam. "Ɗayan ma ba shi da mai zuwa masa. Addu'a kuwa ta san inda za ta."

"Na sani, Baba Malam," ya ce. "Amma Mma cewa ta yi in tsaya a kansa."

Ya nome duka biyun, ya tara musu ƙasa, na taya shi da hannu. Da ya gama ya tsaya a tsakiya, a kan ɗan takun nan da ba na kowa ba, ya ɗaga hannu. Ban ji abin da ya ce ba. Da muka fito bakin ƙofa ya ba ni lambar wayarsa, ya ce duk ranar da na gano, ko shekara nawa ne, in kira shi. Bai faɗa mini magana mai zafi ko ɗaya ba, kuma na fi son da ya faɗa.

Tun daga lokacin muke bin gida gida, ni da sakatare, muna tambayar iyalai lambar kabarin nasu, muna gwada abin da suka faɗa da tsawon alamomin. Wasu gidajen sun ajiye 'yar takardar da Malam ya taɓa rubuta musu. Layuka da yawa sun dawo ta haka, kowanne da sunan wanda ya ba da shaida a gefensa, a sabon fayil mai tsarin da ya dace, da kuma a sabon kaye da nake rubutawa da hannuna. Waɗanda ba su da kowa a garin suna nan yadda na bar su. Malam bai sake tambayata ko na shaida ba, ni ma ban sake furta kalmar a gabansa ba.

Direban yakan kira ni idan hanya ta biyo da shi ta kan iyaka. Yakan tambayi lafiyar Malam da ta mahaifiyata, ni kuma in ce masa har yanzu ban gano ba. Na sake duba layukan nan biyu kafin in rubuta wannan. Layi na goma sha huɗu, huɗu da biyar, huɗu da bakwai. Mahaifinsa yana kabari na shida ne, ko na bakwai?